Dawar da Ke Cikin Kwalba

Sau uku ina zuwa ofishin gonar gwaji, sau uku mai gadi yana ce mini babbansu ya fita. Ran na huɗu ban tambaye shi ba. Na ratsa shi da damin dawata a ka, yana bina yana Iya, Iya, kamar ni na haife shi.

Abin da ya kai ni dawata ce. Irin uwata ne, ja, mai gajeren wuya, shekara arba'in ina ware zangarniyar da ta fi kyau ina ajiyewa. Sai mutanen nan suka shuka wata doguwar ciyawar dabbobi a jikin wayar shingen da ta raba gonarsu da tawa. Shekara biyu, dawata ta fita hayyacinta. Ta yi tsawo kamar raƙumi, ƙwayar ta ƙanƙance, kuma kafin ka kai wuƙa ta zube ƙasa.

Babban nasu yana zaune bayan tebur da shayi a gabansa. Na zaro zangarniya ɗaya na buga a kan takardunsa. Ƙwaya ta watse ko'ina, har cikin kofin. Na ce ya duba aikinsu.

Bai yi faɗa ba, wannan kam zan faɗi gaskiya. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya yana juyawa, ya yi mini bayani wai ciyawarsu da dawata dangi ne na kusa, kakansu ɗaya, iska ce ta kwashi ƙurar furen waccan ta kai wa tawa, abin da na shuka bana 'ya'yansu ne.

"Ni ma ina da dangin da ba na bari su kwana a gidana," na ce.

Akawunsa ta toshe baki. Shi kuma ya ce za a ba ni sabon iri, buhu guda, wanda ya fi nawa auki. Na ce ya ba awakinsa. Nawa nake so. Shekara tara da suka wuce wata mai farar riga daga nan ta zo gonata ta roƙi iri, na yage bakin zanena na ƙulla mata cikin tafi ɗaya. Ta ce a ɗakin sanyi za su ajiye, ba ya mutuwa. To, yau na zo karɓa.

Ya tambayi lambar. Wace lamba? Ni ban san baƙi ba, balle lamba. Ya ce kwalabe sun fi dubu, matar kuma ta bar aiki. Na sauke damina na zauna a kai, na ce a fito da jajayen kawai, ba inda za ni.

Har bayan azahar mai kula da ɗakin yana jido kwalabe. Wata ta cika duhu, wata ƙwayarta doguwa ce. Biyu sun yi kama da tawa, na ciza, ba ita ba ce. A ta sittin da wani abu na hango shuɗin ƙyalle a gindin kwalba, da ƙullina na hagu. Sai da na juya musu baya tukuna na share hawaye.

Ƙwaya hamsin kawai za su iya ba ni, in ji shi, sauran na ajiya ne. Na ce hamsin ta ishe ni, amma in ciyawarsa tana nan tana fure, baɗi ma gidan jiya za mu koma.

"Za mu yanke ta kafin ta yi fure, Iya."

"Rubuta. Ka sa hannu, ka ba ni nawa."

Ya rubuta, akawu ta karanta mini sau biyu. Na ce masa in na ga kan ciyawa ɗaya ya leƙo ta kan wayar nan, ina da lauje, kuma ba zan biyo ta ƙofa ba.

Na ƙulle hamsin ɗin a bakin zanena. Damin kuwa na bar masa a kan tebur.