Sun Wanke Mini Injin Taliya

Shekara talatin da ɗaya ina murza taliya a Mandera da injin guda, ban taɓa sa mishi ruwa ba. Tsumma da ɗan man gyaɗa, shi ke nan.

Sai Maniru, ɗan marigayi Malam Bawa maƙwabcinmu, ya dawo daga karatu Koriya. Wai can akwai gida sukutum na tarihin wata taliya mai baƙar miya da 'yan Sin sunka kai musu, mutane na layi su kalli tsofaffin tukwane. Shi ma zai buɗe na taliyarmu a Boɗinga.

"Inno, ara mini injinki, sati biyu kacal."

"In ci mi cikin sati biyun?"

"Sunanki zai shiga tarihi."

Don darajar ubansa na ba shi. Wata huɗu shiru. Masu sayena sunka koma gidan Umma mai taliya.

Na hau mota zuwa Boɗinga. Ɗaki guda ne, ba kowa sai mai tsaro, Samira. Ga injina cikin akwatin gilashi.

"Inna, ba a taɓawa."

"Ba a taɓawa? Hannun nan ya cinye fentin mariƙinsa! Karanta mini takardar da anka liƙa."

Ta karanta: "Injin da matan zamanin da ke amfani da shi."

"Zamanin da? Ke kinka yi mini wankan gawa? Ina sunana?"

Babu.

Maniru ya shigo shina washe baki. "Inno, kin ga gyara? Da sabulu da soso munka wanke shi, duk baƙin dattin ya fita."

"Dattin? Man gyaɗana ne, ɗan nema! Shi ke riƙe da ƙarfen!"

Na sa shi ya buɗe. Na kama mariƙi na murza. Ko motsi. Tsatsa ja wur tsakanin haƙoran.

Na kai ƙara gun hakimi. Ya ce, "Yaron ɗanki ne, Inno, da kyakkyawar niyya ya yi. Ki yi haƙuri." Na ce ranka ya daɗe, haƙuri ba ya yanka kwaɓi.

Na ɗauko injina gida. Yau kwana tara shina jiƙe cikin mai. Kullum bayan asuba ina gwada mariƙin. Fulawata ta fara ƙwari. Igiyoyin da nike shanya taliya, jiya na ga surukata ta shanya zannuwa a kai.