Mai Gadin Takalma

A makarantarmu ba mai kirana da sunana. Mai Takalma ake ce min, don duk sanda aka fita wasa 'yan ajinmu sai su tuɓe takalmansu su jibge a gabana, ni kuwa in zauna a benci in yi gadi. Da rami a zuciya aka haife ni. In na yi taku goma da sauri sai leɓɓana su yi baƙi, in tsuguna ina haki. Ina shekara bakwai aka yi min aiki, aka bar min dogon tabo a ƙirji, amma bencin nan bai sake ni ba.

Bayan shekara biyu likita ta ɗora ni a kan wani keke da ba ya zuwa ko'ina. Ta manna min wayoyi a ƙirji, ta sa min roba a baki, ta ce in tuƙa har sai na gaji. Mama na bakin ƙofa tana ta addu'a, sai ka ce yanka ni za a yi. Minti tara na yi.

Likita ta ce wa Mama, "Ba za ta kai sa'o'inta ƙarfi ba, amma yanzu zama ne zai cuce ta. Ku bar ta ta yi gudu. In ta gaji ta huta."

Ta rubuta takarda, na kai wa malamin wasanni. Sau biyu ya karanta, sannan ya tara ajin.

"Daga yau da ita za a yi wasa," in ji shi. "Amma duk wanda ya ture ta, ni da shi ne. Kun ji ko?"

Na tuɓe takalmana na ɗora a kan nasu, murna kamar ta kashe ni. Wasan kora ake yi, wanda aka taɓa shi zai bi saura. Na zuba da gudu har shingen makaranta, na waiga. Ba kowa a bayana.

Na dawo tsakiyarsu, na rage gudu da gangan, har hannu na miƙa wa mai korar. Ta kauce min.

"Yi haƙuri," ta ce, "kar ki faɗi a ce ni ce."

Har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya taɓa ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko a gadon asibiti. Na koma benci na zauna a gaban takalman. Ko haki ban yi ba.