Lemon Kan Iyaka

Itacen lemon da ke kan iyakar lambun Dogo da na ƙanensa Auta, marigayiya mahaifiyarsu ce ta dasa shi da hannunta. To, bana sai darɓa ta sauka masa. Ƙananan ƙwari ne da ke cincirindo a bayan ganye suna tsotse ruwansa. Ganyen ya nannaɗe ya yi baƙi, danƙo na ɗiga ƙasa, tururuwa na hawa da sauka kamar an buɗe musu kasuwa.

Dogo ya ce yunwa ce ke damun itacen. Ya ɗebo takin zamani ya zuba masa babu awo, ya bi da ruwa. Itace ya feso sabon toho mai laushi, wanda ƙwarin suka fi so a duniya. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ba a jima ba suka yi yawa, suka tsallaka kan dashen Auta.

Auta ya zo da gatari a kafaɗa.

"Yaya, ko ka sare shi, ko in sare."

"Kai ɗin? Yaushe aka daina share maka majina?"

"Majina ta bushe tuni. Dashena ke mutuwa, kai kana kiwon ƙwari kamar awaki, har da ba su dusa."

"Itacen uwarka ne, marar kunya!"

"Inna lemo ta bar mana, ba ta bar mana annoba ba."

Dogo ya rungume gindin itacen. Danƙo ya manne masa a riga, tururuwa suka shige wuyansa suna cizo, bai ko motsa ba.

"Sai dai ka fara da ni."

Auta ya dube shi sama da ƙasa, ya juya. Kowa ya san ciwon kansa. Ruwan da ke zuwa gindin itacen ta lambun Auta yake bi, sai ya ɗebi ƙasa ya toshe hanyar.

Dogo ya koma jido da bokiti daga rijiya, ga tsufa ga ciwon baya. Yana zubawa ƙwari na shanyewa ta sama. Ganye ya kaɗe, rassa suka bushe ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya kankare ɓawon da farce bai tarar da ɗanye ba.

Auta ya leƙo ta shinge.

"Yanzu fa, Yaya?"

"Yanzu ba ka da yaya," in ji Dogo, ya ɗauki bokitinsa.