Ƙwallayen Dabino na Kofur Bot

Kofur Bot ya koma bakin aikinsa na ɗan sanda a Dutse wata huɗu bayan hatsarin hanyar Jahun, da ƙarfe a kafaɗarsa ta hagu. Hannun yana ɗaga kofin shayi, amma da ya tallafi bindiga sai bakinta ya kama rawa. Sufeto Ashafa, mai kula da filin harbi, bai ɓoye masa komai ba.

"Litinin ta sama akwai gwaji. Harsashi biyar, huɗu a allo. In ka kasa, ka miƙa bindiga, a ba ka kulki ka tsaya ƙofar ofis."

"Yallaɓai, an yarda a ɗora ta a kan jaka?"

"A kwance, an yarda. Amma ka zo da taka. Namu sun yayyage tun zamanin soja."

Shekara goma sha tara ke nan Bot yana riƙe da bindiga. Ya sara masa, ya fita.

Matarsa Magdalena ta yanke ƙafar tsohon wandon kaki, ta ɗinke gefe ɗaya. Saura abin cikawa. Bindiga tana kwana a bariki, don haka da taɓarya yake gwaji, a kwance a tsakar gidan da suke haya. Yashi ya san shi tuni: yana daskarewa kamar bulo, bindiga ta yi tsalle a kai. Buntun shinkafa da ya samo daga injin casa bai riƙe komai ba, taɓaryar nutsewa kawai take yi. Gero ne ya yi daidai. Ya danna, ya yi gurbi, ya tsaya cak.

Yana nan kwance Iya, mahaifiyar mai gidan, ta fito. Ta taɓa jakar da sandarta.

"Ɗan nan, mene ne a ciki?"

"Gero ne, Iya."

"A gidan nan ba a yi wa bindiga matashi da abinci. In ya yi muku yawa, ga masu azumi nan."

Da ya so, da ya kai jakar bariki a ɓoye. Amma tsohuwar nan ce ta riƙa aika masa kunu duk kwanakin da ya yi a asibiti. Ya farke ɗinkin, ya juye geron a ƙwarya.

Ran nan da magariba ya ga tasar da Iya ta sha ruwa, da 'yan ƙwallayen dabino a ciki. Ya damƙi bakwai a tafin hannu ya matse. Suka zame, suka sarƙe, suka ƙi motsi. Suna da nauyi, ga santsi, kuma ba mai kiransu abinci. Sai dai jakar za ta ci kwano guda.

Da safe ya tafi masallacin unguwa, inda ake shimfiɗa tabarmi a sha ruwa, ya tsuguna yana tsinta a leda. Kwana biyu yana haka. A na uku ya tarar da ladan, Malam Nata'ala, da mutum huɗu suna jiransa. A shekarar aka ƙaddamar da shari'a, kowa ido yake sa wa kowa.

"Kofur," in ji ladan, "abin da ya fito daga bakin mutane da yawunsu, ina kake kai shi?"

Nan take Bot ya gane. Ko a ƙauyensu na Barikin Ladi ba a barin gashi ko farce a hannun baƙo. Asiri suke zato, kuma shi ya jawo.

Bai tsaya rantsuwa ba. Ya ciro jakar kakin daga aljihu, ya juye ledar a ciki, ya roƙi aron sandar wani dattijo. Ya kwanta rub da ciki a ƙofar masallaci, da kayan sarki a jikinsa. Da farko ya tallafi sandar da hannun hagu kaɗai. Suka ga bakinta yana kaɗawa, abin da ko matarsa yake ɓoye wa. Sannan ya ɗora ta a kan jakar. Ta tsaya.

"Ikon Allah," in ji mai sandar. "Ashe hukuma ma tana karkarwa."

Biyu suka yi dariya. Ladan bai yi ba.

"Da sallama ka yi ka tambaya, Kofur. Waɗannan ba da sanin masu su ka ɗiba ba. Bar su nan."

Bot ya zazzage jakar a gindin katanga. Kwana huɗu suka rage.

Da magariba Malam Nata'ala ya ajiye wata tasa a gefen tabarma, ya faɗa wa jama'a ko ta mece ce, ya ce wanda ya ga dama ya jefa ƙwallayensa a ciki. Wasu suka jefa. Wasu suka sa nasu a aljihu suka tafi da su gida. Kowace safiya Bot ya zo ya yi sallama ya karɓa. Magdalena ta wanke da ruwan zafi, ta shanya a faifai. Ran Lahadi, bayan sun taso daga coci, suka auna: bai kai kwano ba.

"Ba za ta cika ba, Baban Becky."

"To, rage jakar."

Ta yanke taƙi guda, ta ɗinke ta tam.

Filin harbin yana gindin duwatsu, bayan gari. Jakar ta yi gajarta, sai da ya tara ƙasa a ƙarƙashinta. Ya kwantar da bindigar, ya murza ta har ta yi gurbi, ya saki hannun hagu ya huta. Harsashi na farko ya shiga. Na biyu ya tashi ƙura can gefe, kafaɗar ta amsa har cikin haƙoransa. Ya jira. Bai kula da kuratan da ke bayansa suna ƙus-ƙus ba. Ya gyara gurbin, ya fitar da numfashi, ya ja kunama sau uku, a tsanake.

Sufeto Ashafa ya taka har allon, ya daɗe yana dubawa, ya dawo.

"Huɗu. Ɗayan ina jin yana hanyar Taura." Ya rubuta a takarda. "Bayan wata shida a sake. Tashi, akwai mutane a layi."