Yankan Wanda Ya San Kifi

Hutun awa ɗaya kacal otal ɗinmu na unguwar Jarwal a Makka yake ba mu, don haka da gudu na sayo sushi kafin a rufe shaguna don Azahar. Na biya shagon ɗinkin Baba a titin Mansur, na tarar ya dawo daga masallaci, na buɗe robar a gabansa.

"Abincin Japanawa ne, shinkafa da ɗanyen kifi," na ce. "In faɗa za ka yi, yi da sauri, aiki na jirana."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya danna da babban yatsa, ya shinshina.

"Wanda ya yanka wannan ya san kifi," ya ce. "Haka mahaifina yake bin tsokar giwan ruwa a Yawuri."

A Makka aka haife ni, shekarata ashirin da shida, ban taɓa jin ya ambaci kogi ba.

"Baba, ashe ka iya kamun kifi?"

"Ja kujera, Sadiya."

Ya yi ta ba ni labarin kogi, ko loma bai ci ba, ni kuma na makara har mudir, manajan otal ɗin, ya yi ta sababi. Washegari ma kifin na sayo.