Allurar Ba Ta Motsa Ba

Barau ya durƙusa a gindin tankin ruwan Gagarawa, ya ɗora bakin na'urarsa a kan waldar bututun. Ita yake aiki da ita a garejin jirage a Kano: tana zuga wuta cikin ƙarfe, in da tsaga a ɓoye sai allurarta ta zabura. Da kamfanin ya ruguje ya saye ta a gwanjo.

A bayansa George ɗan kwangila yake tsaye yana share gumi. Shi ne ogansa a da. Ranar da Barau ya gano tsaga a bututun man wani jirgi ya ƙi sa hannu, George ne ya kira shi maƙaryaci a gaban ma'aikata, ya sa aka kore shi. Barau ya dawo Gumel da sunan mai zagon ƙasa. A wannan shekarar matarsa Safara'u ta rasu kan gwiwa, babu ko motar kai ta asibiti.

Yanzu Kantoma ya kira shi ya duba aikin kafin a ƙaddamar.

Ya bi walda ta farko, ya bi ta biyu, har ta ƙarshe. Allurar ba ta ko girgiza ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

"Yaya, Malam Barau?" in ji Kantoma.

Barau ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Ranka ya daɗe, duk a tsage suke ta ciki. Ana cika tankin nan zai rufto kan mutane."

"Ƙarya ne!" George ya yi tsawa. "Yallaɓai, na iya karanta ta. Ba ta motsa ba!"

"Kai da aikinka, me za ka ce da?" Kantoma ya yafito 'yan sanda.

Da aka zo wucewa da shi, George ya rage murya. "Barau, don Allah. Matata Joyce ba ta da lafiya."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Barau, yana naɗe waya. Zuciyarsa fes.

Yana ɗaure na'urar a babur wata tsohuwa ta matso, da tulu a hannu.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ka cece mu. To ruwan fa, sai yaushe?"

Barau ya buga babur. Bai tashi ba. Ya sake bugawa.