Kukan Mai Baki Biyu

Baba Tsatsa ba ya son a kawo masa bindiga a cikin bargo. A ganinsa duk wanda ya naɗe bindiga a bargo gawa ya ɗauko, ya zo ne kawai a taya shi kuka. Shi ya sa da direban nan ya shigo shagon da hantsi, rungume da wani dogon abu cikin bargo mai zanen damisa, Baba ya tsuke baki tun kafin a gama gaisawa.

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. Ga teburin aiki da baƙin mai ya rine, ga magagarai jere a bango, ga gwangwanayen madara cike da noti da kusoshi. A tsakiyar ɗakin kuma wata siririyar igiya tana reto daga ƙugiya a rufi, baƙi kan ɗauka ta shanya ce.

Direban, wanda abokan aikinsa ke kira Ba-Birki, ya warware bargon. Mai baki biyu ce, tsohuwa tukuf, ta kakansa. Ƙotar ta tsage an ɗaure ta da waya, kunama ɗaya ta saki, amma a gefen ƙarfen akwai zanen agwagi biyu suna shirin tashi, aikin hannun wanda ya san abin da yake yi.

"Baba, rigima ce ta kawo ni," in ji Ba-Birki. "Yayata ta ce a kwance ta a sayar gunduwa-gunduwa. Akwai wani dillalin kayan da, tunda ya ga agwagin nan yawunsa ya tsinke. Ni kuma na ce a gyara. Lasisinta na hannuna, ga birai sun hana ni sakat a gona. Mun yi ta ja har muka gaji, muka ce duk abin da ka yanke shi ke nan."

Baba ya gyaɗa kai. Rabin maganar ya ji, rabin kuma a leɓen mutumin ya tsinta. Tun bara kunnensa ya fara yi masa rowa. Matarsa, wadda yake kira Rediyo in ba ta kusa, ta sha yi masa zancen likitan kunne, shi kuwa ya kafe kunnensa lafiya lau, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana.

Ya raba bindigar gida uku cikin ƙiftawar ido. Ya goge cikin bakunan biyu, ya ɗaga su saitin taga ya leƙa. Ba laifi. Ya auna kaurin ƙarfen, nan ma ba laifi. Ƙota da kunama kuwa wannan ai aikin shan shayi ne.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuyar. Bakunan nan biyu da dalma aka haɗa su. In dalmar ta saki daga ciki, tsatsa kan shiga ta zauna inda ido ba ya kaiwa, ta yi ta cin ƙarfen a ɓoye, har ranar da mutum zai harba ya nemi yatsunsa ya rasa. Wannan kunne kaɗai ke gane shi. Rataye bakunan ake yi a igiya a ƙwanƙwasa. Lafiyayyen ƙarfe kan yi kuka siriri mai tsawo kamar ƙararrawa, wanda ya saki kuwa ƙwas ɗaya zai yi ya yi shiru. Da wannan kunnen Baba ya yi suna. Bana dai Allah ya rufa masa asiri, ƙananan gyare-gyare kawai ake ta kawowa, igiyar ba ta ɗauki komai ba sai yau.

Ya rataye, ya ɗauki ƙotar guduma, ya ƙwanƙwasa.

Bai ji komai ba.

"Yaya, Baba?"

"Kai, ana aiki kana surutu!"

Ya sauke na direban, ya jawo wasu bakuna daga ƙarƙashin tebur, waɗanda shekara da shekaru yake nuna wa masu taurin kai yadda ƙarfen kirki ke kuka. Ya rataye su ya buga. Nan ma shiru. Tsoro ya kama shi sosai, don yanzu ya san ba ƙarfe ne ya mutu ba.

Ya mayar da na direban kan igiya yana jan lokaci. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe: ya ce ta mutu, a kwance ta. Ba a taɓa zagin mai gyara don ya hana harba tsohuwar bindiga ba. Yatsun Ba-Birki su tsira, yaya ta ji daɗi, dillali ya samu agwaginsa, asirin kunne kuma ya zauna a rufe. Sai dai shi da bakinsa yake kiran masu yin haka mahauta, masu yanka lafiyayya don ƙyuyar dubawa.

"Gaskiya, wannan bindigar..." Ya dubi agwagin nan biyu. Sai ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ƙwala kira. "Ke! Zo mana!"

Ta fito hannu duk kumfar wanki. "Ni ka kira ko unguwa gaba ɗaya?"

"Ina kwana, Mama," in ji Ba-Birki.

"Lafiya lau, ɗan nan. Maigida, mene ne?"

Baba bai dube ta ba. Igiyar yake kallo. "Saurara mini," ya ce.

Rediyo ta buɗe baki, sai kuma ta rufe, abin da Baba bai taɓa gani ba tun aurensu. Ta san abin da wannan 'yar maganar ta ci masa. Ta goge hannu a zane, ta ce da direban, "Kashe fankar nan."

Baba ya buga. Ta lumshe ido.

"Sake. Ƙasa kaɗan, da ba nan kake bugawa ba."

Ba-Birki ya ƙyalƙyale da dariya. "Au, Mama ma ta iya?"

"Ɗan nan, tun ina amarya nake shan ƙarar nan ta bango, da ita na yaye 'ya'yana duka. In na ji ƙwas kamar an buga tsagaggen kwano, na san zai shigo yana masifa, ya ce gishiri ya yi yawa. In na ji ta yi tsawo, zai shigo yana waƙa da wannan muryar tasa da ke korar kaji. Ai dole na koya, don in san irin mijin da zai shigo mini."

Baba ya sake bugawa, sama da tsakiya da ƙasa, idonsa a kan fuskarta. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta riƙe shi a sama, ta riƙe, har direban ya fara sosa ƙeya. Sannan ta sauke. Ta matso daidai kunnen mijinta ta ɗaga murya.

"Yau mai waƙar ne zai shigo."

Nan take Baba ya dawo Baba. Ya gyara zaman tabarau ya dubi direban sama da ƙasa. "Ka gaya wa yayarka dillali ya haɗiye yawunsa. Ƙota zan sassaƙa sabuwa, kunama in gyara. Kuma kafin ka ɗora mata yatsa ni zan fara harba ta, daga nesa, da zare. Ɗauki bargonka, ba gawa ka kawo ba."

Ba-Birki ya fita baki har kunne. Shagon ya rage su biyu. Baba ya shiga jera magagaran da suke a jere, yana jiran abin da ya daɗe yana tsoro, wato ta ce ya isa haka, a rufe shago.

Ta zagayo gabansa yadda zai ga bakinta. "Gobe likita. Kada ka ɓata rai, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Me kika ce?"

"Wannan dai ka ji shi sarai."

Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya ciko. "Yaya kukan nata yake?" ya tambaya.

Ta kama hannunsa ta ɗora kan yatsunsa a jikin igiyar, sama da ƙarfen kaɗan, ta ɗauki ƙotar gudumar ta buga da kanta. Baba ya ji igiyar tana rawa a fatar yatsunsa, siririyar rawa mai tsawo, ta ƙi ƙarewa.

"Har yanzu tana yi?" ya ce.

"Har yanzu."

Bai ɗauke hannunsa ba sai da ta ce masa ta daina.